Neman aiki daga ƙauye: shiri ne ke bayarwa, ko kuwa sai da hanya?

Ɗan_Fadama:
Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa na wannan zaure. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Ringim, ina da takardar shaidar malanta ta NCE daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, kuma tun da na kammala nake cike fom ɗin neman aiki duk inda na ji an buɗe, na gwamnati da na masu zaman kansu. Abokaina na majalisa sun kafe a kan cewa wahalar banza nake yi, domin a zamanin nan ba a ɗaukar kowa sai mai hanya, intabiyu ɗin da ake kira kuma cika sharaɗi ne bayan an riga an gama rabo. To ga shi yanzu wata makaranta mai zaman kanta a Dutse ta kira ni intabiyu mako mai zuwa. Shin da gaske ne shirin da mutum zai yi ba ya canza komai? Idan kuwa yana canzawa, me ya kamata ɗan ƙauye irina ya tanada tun daga cike fom har zuwa zama gaban masu tambaya?

Na_Bakin_Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Abokanka ba su yi ƙarya ba, ƙanena, domin wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. A garinmu da ke wajen Bichi, duk matashin da na sani ya samu aikin gwamnati a 'yan shekarun nan ina iya gaya maka wanda ya tsaya masa. Ka je intabiyu ɗinka tunda an kira ka, amma kada ka ɗora ranka a kai.

Tsohon_Akawu:
Na yi shekaru a sashen kula da ma'aikata kafin in yi ritaya, kuma na zauna a kwamitocin tantance masu neman aiki, saboda haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Ban musa wa Na_Bakin_Kasuwa cewa akwai alfarma ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa daga cikin yaranmu na karkara tun a kan tebur ake ture fayil ɗinsu gefe, kafin ma a zo maganar wa ya san wa, kuma dalili shi ne takardunsu ba su dace da juna ba. Za ka ga yaro a takardar firamare an rubuta sunansa da na mahaifinsa, a sakamakon WAEC ko NECO ya ƙara sunan garinsu a ƙarshe, a NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma an juya, sunan uba ya zo farko. Wani a nan Muhammad ne, a can Mohammed, a wata takardar Mamman. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma kwamfutar da ake tantancewa da ita yanzu ba ta san haka ba, jami'in da ke da tarin fayil a gabansa kuma ba zai tsaya neman maka uzuri ba.

Ranar haihuwa ta fi suna ɓarna. Yawancinmu a gida aka haife mu ba a yi rajista ba, sai malamin firamare ya ƙiyasta shekara, daga baya a je kotu a yi takardar rantsuwa da wata shekarar daban, ranar yin NIN kuma a faɗi ta uku. Wasu da gangan suke rage shekaru don su shiga ƙa'idar wani aiki, sai lissafin ya nuna sun gama firamare suna da shekara shida, wanda duk mai hankali zai gane. Shawarata, ɗana, yau ɗin nan ka shimfiɗa takardunka duka a kan tabarma, ka bi su harafi bayan harafi: ta firamare, ta sakandare, ta NCE, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da NIN. Wadda ta fi wuyar gyarawa ita ce ta jarrabawar sakandare, don haka a mafi yawan lokuta ita ake riƙewa a daidaita sauran da ita.

Mai_Kafe_Gumel:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kun taɓo inda yake mana ciwo, mu da muke cike wa mutane fom. Zan ƙara da maganar lambar waya da imel. Mutum zai taso daga ƙauye ya ce in cike masa, in tambaye shi imel ya ce ba shi da shi, in buɗe masa, ya tafi bai rubuta kalmar sirrin ko'ina ba. Bayan watanni a turo gayyatar jarrabawa ta can, ya zo yana tambayata ni da na buɗe wa mutane da yawa irinsa. Wani kuma lambar yayansa zai bayar, ko layin da ba ya samun sabis a garinsu, saƙon gayyata ya shigo bayan ranar ta wuce. Ka sa layin da yake hannunka kuma aka yi rajistarsa da sunanka, ka rubuta imel da kalmar sirri a littafi, kuma ka riƙa dubawa a kai a kai ko da sai ka fito bakin titi neman sabis, har da akwatin saƙonnin da imel ke ɗauka tarkace ne, domin gayyata takan faɗa can. Sannan kada a bari sai ranar ƙarshe, saboda ranar rufewa shafin yakan cushe, mu kwana muna gwadawa bai wuce ba. Idan ka gama, ka buga takardar shaidar cikewa kafin ka tashi daga shagon, ka kuma karanta abin da aka rubuta maka, domin mai shago ma yana iya kuskuren harafi.

Maman_Iman:
Tunda an zo maganar fom, ina roƙon a ja kunnen matasa a kan saƙonnin da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook cewa an buɗe ɗaukar ma'aikata a latsa nan. Adireshin shafukan hukumomin gwamnati yakan ƙare da .gov.ng, kuma sanarwa ta gaskiya za ka ji ta a rediyo ko ka gan ta a jarida. Duk shafin da ya ce ka tura wa mutum goma kafin ka ci gaba, ko ya nemi lambar katin cirar kuɗinka, ka rufe shi.

Ɗan_Kadawa:
Maganar Maman_Iman gaskiya ce, amma 'yan damfarar da suka fi cutar da mu ba na intanet ba ne, waɗanda muke sallah tare da su ne. Wani ɗan ƙanen mahaifina an ce masa akwai gurbi a wata hukuma, ya kawo kuɗi a ba shi takardar kama aiki. Mahaifinsa ya sayar da shanun huɗarsa ana gab da damina, aka kawo takarda mai tambari da sa hannu, ya tafi har Abuja, a bakin ƙofa aka gaya masa ta bogi ce. Wanda ya karɓi kuɗin suruki ne ga dangi, don haka maganar ta mutu a zauren mai unguwa, ba aiki ba shanu.

Malam_Na_Hadejia:
Allah ya mayar musu da alheri. Ya kamata a tuna da abin da ya faru ranar 15 ga Maris 2014, lokacin da aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa na jihohi, bayan kowa ya biya naira 1,000 kuɗin fom, aka yi turmutsitsi har aka rasa rayuka. A yanzu ɗaukar ma'aikatan shige da fice da sibil difens da gidajen gyaran hali da 'yan kwana-kwana hukuma ɗaya ce ke yin sa, wato CDCFIB, ta intanet ake cikewa, kuma a sanarwarta tana faɗa cewa kyauta ne. Wanda ya ce ka biya shi don ya sa sunanka, ka tambaye shi me ya hana shi sa na ɗansa.

Malama_Firamare:
Muna nisa da tambayar Ɗan_Fadama, shi kuma mako mai zuwa ne intabiyu ɗinsa. Ƙanena, ni malama ce kuma ina cikin waɗanda suke gwada sababbin malamai a makarantarmu, don haka ka saurara. Intabiyu ɗin koyarwa ba hira ce kaɗai ba. Da wuya a sallame ka ba a miƙa maka alli an ce ka koyar da wani abu na minti goma ba, wani lokaci a gaban ɗalibai na gaske, wani lokaci mu malamai mu zauna mu zama ɗaliban. Ka zaɓi darasi ɗaya daga fannin da ka karanta, ka rubuta tsarinsa a takarda tun daga gida: abin da kake so yaro ya iya a ƙarshe, yadda za ka fara, misalan da za ka kawo, da tambayoyin da za ka auna fahimta da su. Ka gwada shi a kan yaran gidanku ko na makarantar Islamiyyar garinku, ka sa wani ya riƙe agogo.

Abin da muke kallo ba yawan ilimi ba ne kawai. Muna duba ko ka rubuta kwanan wata da kan darasi a allo, ko rubutunka yana karantuwa daga bayan aji, ko kana juya wa yara baya kana magana da allo, ko muryarka tana kaiwa, da kuma abin da za ka yi idan yaro ya ba da amsar da ba daidai ba. Na ga mai sakamako mai kyau ƙwarai ya tsaya yana karanto littafi har lokacinsa ya ƙare, na kuma ga mai matsakaicin sakamako ya fito da 'ya'yan tsamiya daga aljihu ya koyar da rabawa, yara suna rige-rigen ɗaga hannu, kuma shi muka ɗauka. Za a tambaye ka rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, don haka idan kana da ita ka tafi da shaida, idan ba ka yi ba ka faɗi gaskiya ka ce kana shirin zama jarrabawarta. Ka kuma shirya amsar yadda za ka riƙe aji ba tare da bulala ba, domin makarantu masu zaman kansu suna yawan tambayar wannan saboda iyaye.

Ɗan_Fadama:
Na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Turanci. Ina fahimta kuma ina rubutawa, amma idan na zo magana a gaban manya sai harshena ya sarƙe.

Injiniya_Sharaɗa:
Wannan matsalar ta kusan dukkanmu ce da muka yi makarantar gwamnati a karkara, kuma maganinta ɗaya ne, wato a yi ta faɗa da baki. Tambayoyin intabiyu ba su da yawa kuma suna maimaita kansu: ka gabatar da kanka, me ya sa kake son wannan aikin, me ka iya, wace matsala ka taɓa warwarewa, kana da tambaya. Ka tsara amsar kowace a gajerun jimloli, ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Kada ka haddace kamar hadda, domin idan aka katse ka da wata tambaya sai zaren ya tsinke. Idan aka ce ka gabatar da kanka, ba tarihin zuriyarku ake nema ba. Sunanka, abin da ka karanta, inda ka taɓa koyarwa, da abin da za ka amfana wa makarantar, cikin minti ɗaya ko biyu. Idan ba ka ji tambaya da kyau ba, ka nemi a maimaita, hakan ya fi ka amsa abin da ba a tambaye ka ba.

Na_Bakin_Kasuwa:
Ni a ganina idan Turancin ya ƙi, ya juya Hausa kawai. Masu tambayar ai Hausawa ne, yaran ma Hausawa ne.

Malama_Firamare:
A'a, Malam, wannan shawarar za ta iya kayar da shi. Iyayen da suke biyan kuɗin makaranta mai zaman kanta Turanci suke so su ji a bakin 'ya'yansu, mai makarantar kuma ya san da haka. Ya amsa da harshen da aka yi masa tambaya. Idan su suka juya Hausa, ya bi su. A lokacin gwajin koyarwa yana iya fassara wa ƙananan yara kalma mai wuya da Hausa sannan ya koma, wannan ma ƙwarewa ce, amma gudu daga Turanci gaba ɗaya za a lura da shi.

Hajiya_Mai_Ƙungiya:
Ina so in yi magana a kan CV, wato takardar tarihin karatu da aikin mutum, domin ina aiki da wata ƙungiya da ke ɗaukar ma'aikatan wucin gadi a ƙauyuka, kuma ina karanta su da yawa. Yaranmu sukan je shago a kwafo musu na wani a canza suna, sai ka ga mutum goma duk abin sha'awarsu karatu da tafiye-tafiye, wajen gogewar aiki kuma babu komai, alhali mutumin ya yi abubuwa. Wanda ya koyar a Islamiyya ko ya yi aikin sa kai a firamaren garinsu, wanda ya yi aikin rigakafin shan inna gida-gida, wanda ya yi wa INEC aikin wucin gadi ranar zaɓe, wanda ya riƙe littafin ƙungiyar manoma ko ya yi N-Power, shirin gwamnati na ba matasa aikin wucin gadi, duk wannan gogewa ce, kuma ita muke nema. A rubuta wurin, da shekarar, da ainihin abin da aka yi, misali aji nawa ka koyar da wane darasi. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Waɗanda za ka sa a matsayin masu shaidarka kuma ka nemi izininsu tukuna, domin na sha kiran lamba mai ita ya ce bai san wanda nake magana a kai ba. Shugaban makarantar da ka yi koyarwar gwaji a wurinsa ya fi maka amfani a kan babban mutumin da bai san fuskarka ba.

Ɗan_Kadawa:
Hajiya, noma fa? Ni tun ina yaro nake noman shinkafa da tumatir a Kadawa, ina da babbar difloma ta HND a fannin noma, amma kunya nake ji in rubuta manomi a CV. Sannan na haura shekara 30 kafin in kammala, ban je bautar ƙasa ba, wasu sun ce ba ni da rabo a aikin gwamnati.

Hajiya_Mai_Ƙungiya:
Ɗana, idan aikin malamin gona ne ko na kamfanin casar shinkafa ko na masu sayar da iri da taki, wannan shi ne mafi ƙarfin abin da kake da shi. Ka rubuta girman gonar, da abin da kake shukawa, da leburori nawa kake kula da su lokacin dashe da girbi, da ko ka iya aiki da injin ban ruwa. Wanda ya san lokacin da tsutsa ke kama tumatir ya fi wanda ya karanta ta a littafi kawai.

Tsohon_Akawu:
Game da bautar ƙasa, waɗanda suka gaya maka haka ba su san ƙa'ida ba. Wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala digiri ko HND, hukumar NYSC takardar yafewa take ba shi, kuma ana karɓarta a wajen ɗaukar aiki kamar yadda ake karɓar ta kammalawa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka zo hannu rabbana, ba wannan ba waccan, don haka ka bi ta makarantarku ka karɓo. Shi kuwa Ɗan_Fadama mai NCE, bautar ƙasa ba ta hau kansa ba sam.

Baban_Gwaram:
Ba a yi maganar tufafi da tafiya ba. Wasu suna aro kwat da ba ta yi musu daidai ba, su zauna suna gumi a zafin Dutse. Kaftani mai tsabta da aka goge, da hula, da takalmi rufaffe, sun wadatar a ko'ina a ƙasar Hausa. Idan wurin da nisa, a kwana a garin wajen ɗan uwa, kada a dogara da motar safe, musamman da damina ko ranar da ba kasuwa ba, lokacin da mota takan daɗe ba ta cika ba. A je a ga ƙofar wurin tun da yamma. A riƙe takardu na asali a fayil ɗaya, fotokwafi a wani, da hotunan fasfo da biro, a kashe waya kafin a shiga.

Injiniya_Sharaɗa:
Na yarda da Baba a kan makaranta da ofisoshin gwamnati, amma a banki da wasu kamfanoni na Bompai da Sharaɗa ƙananan kaya sun fi shiga, idan kuma aikin cikin masana'anta ne ba wanda zai so ganin babbar riga kusa da inji. A tambayi wani da ke aiki a wurin. Wani abin kuma shi ne sunkuyar da kai. An tarbiyyantar da mu cewa ba a kallon babba a ido, wanda ladabi ne a gida, amma mai intabiyu, musamman wanda ba ɗan nan ba, yana iya ɗauka rashin tabbas ne ko ɓoye wani abu. A ɗaga kai a dubi mai tambaya cikin natsuwa, a yi magana yadda za a ji, kuma ba sai an durƙusa ba, sallama da gaisuwa a tsaye sun isa.

Maman_Iman:
Mu mata akwai tambayoyin da ake yi mana da ba a yi wa maza: ko maigida ya amince, wa zai riƙe yara, ko za ki iya zama a ƙauyen da aka tura ki. Ko da mutum yana ganin bai dace a tambaya ba, ana tambaya, don haka a gama wannan maganar a gida kafin ranar, a zo da amsa tsayayya. Wata ƙawata da ta karanta kiwon lafiyar al'umma a Jahun ta ce abin da ya taimake ta shi ne ta faɗa musu kai tsaye cewa a shirye take ta zauna a asibitin ƙauyensu, inda 'yan birni suke neman canji tun a watan farko. Zama ɗan ƙauye ba kullum ne yake zama naƙasu ba.

Na_Bakin_Kasuwa:
Duk na karanta, kuma shawarwari ne masu kyau, amma ku lura cewa kusan duk misalan da kuka kawo na makarantu masu zaman kansu ne da ƙungiyoyi da kamfanoni, inda mai wurin yake son wanda zai yi masa aiki domin kuɗinsa ne. Ni maganata a kan aikin gwamnati ce mai fansho, wanda shi ne kowa yake so. A can ko ka goge kaftani har ya yi ƙyalli, idan sunanka ba ya cikin takardar da ta fito daga sama, sai dai ka ji a rediyo an raba takardun kama aiki.

Tsohon_Akawu:
Malam, ba zan yi maka gardama a kan abin da kowa ya sani ba, amma akwai bambanci tsakanin abubuwa uku da muke haɗawa mu kira su hanya. Akwai sayen aiki da kuɗi, wanda laifi ne kuma shi ya cinye shanun dangin Ɗan_Kadawa. Akwai rabon gurabe ga masu faɗa a ji, wanda yana faruwa kuma yana cutar da talaka. Akwai kuma mutum ya san ka da aiki ya ambaci sunanka inda ake nema, wanda babu aibi a cikinsa, kuma ɗan ƙauye ma yana iya gina shi. Yaron da ya yi shekara yana koyarwa kyauta a firamaren garinsu, shugaban makaranta ya san shi, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya ji labarinsa, ranar da aka buɗe wani shirin ɗaukar malamai irin J-Teach na Jigawa ba baƙo ba ne.

Sannan ko wanda aka tsaya wa sai takardunsa sun cika kafin a sa shi a tsarin albashi. Na ga waɗanda aka kawo sunansu daga sama suka faɗi a wajen tantancewa, aka cike gurbin da na ƙasa a jerin waɗanda suka ci jarrabawa. A ayyukan tarayya kuma akwai ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi da ke cikin kundin tsarin mulki na 1999, shi ya sa ake neman takardar shaidar ƙaramar hukuma. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, Kano tana da 44. Idan yaran wata ƙaramar hukuma suka zauna a majalisa suka ce ba amfanin cikewa, ba a barin gurbin ya zauna fanko, wani ne zai shiga.

Malam_Na_Hadejia:
A ƙara da cewa yawancin ayyukan ɗamara yanzu sai an zauna jarrabawa a kwamfuta, kuma a nan ne yaranmu suke zubewa, ba don ba su san amsa ba sai don hannunsu bai saba ba. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya je shago ya biya kuɗin awa ɗaya ko biyu ya gwada tambayoyin baya da agogo. A kuma karanta sharuɗɗa kafin a kashe kuɗin mota. A tallan ɗaukar kuratan 'yan sanda da aka saba fitarwa ana neman shekara 18 zuwa 25, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da tsayin mita 1.67 ga namiji, 1.64 ga mace. Wanda bai cika ba, a wajen awo za a sallame shi.

Ɗan_Fadama:
Idan suka tambaye ni albashin da nake so fa? Na ji an ce mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, shin in faɗi wannan?

Injiniya_Sharaɗa:
Adadin daidai ne, amma dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma ƙananan makarantu da yawa suna biyan abin da bai kai haka ba. Ka bincika abin da malaman wurin suke karɓa kafin ka je. Idan aka tambaye ka, kana iya neman su fara faɗin abin da suka tanadar wa mai NCE, sannan ka yi lissafinka: haya a Dutse, abinci, kuɗin mota zuwa gida. Ka tambaya ko ana biya lokacin hutu, domin wasu ba sa biya, kuma a wace rana ta wata ake biya. Ka nemi a ba ka sharuɗɗan a rubuce. Abu ɗaya da ba zan ba ka shawarar yarda da shi ba ko nawa ne albashin shi ne barin takardunka na asali a hannunsu a matsayin jingina. Su gani su dawo maka da su, su riƙe fotokwafi.

Hajiya_Mai_Ƙungiya:
Ni dai zan ce kada ƙaramin albashi ya sa ya ƙi, idan zai iya rayuwa da shi, domin shekara ɗaya a aji ita za ta cike gurbin da yake fanko a CV ɗinsa.

Baban_Gwaram:
Hajiya, a yi lissafin damina kuma. Idan zai bar gonar da ke ciyar da gidansu ya tafi karɓar abin da zai ƙare a haya, sai a duba da kyau. Ya nemi shawarar mahaifinsa kafin ya sa hannu.

Ɗan_Fadama:
Baba Tsohon_Akawu, na bi shawararku na shimfiɗa takardun. A NECO da NCE akwai sunan garinmu a ƙarshe, a NIN babu, ranar haihuwa kuma duk ɗaya ce. Shin in fara gyara kafin intabiyu, ko in je haka?

Tsohon_Akawu:
Ka je haka, ɗana, domin makaranta mai zaman kanta takardar NCE da koyarwarka za ta duba. Amma ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu naka ne, ka sa ta a fayil, sannan ka fara neman gyaran NIN a wajen NIMC, hukumar da ke ba da shi, tun yanzu, kafin a buɗe wani aikin gwamnati ka zo kana gaggawa.

Mai_Kafe_Gumel:
Baba, ku yi min afuwa in ƙara abu ɗaya. Gyaran NIN yakan ɗauki lokaci kafin ya bayyana a ko'ina, kuma idan sunan ya canza a can, sai ya bi ya duba asusun bankinsa da lambar shaidarsa ta banki, wato BVN, da rajistar layinsa, in ba haka ba ya gyara ɗaya ya ɓata uku. Na ga wanda alawus ɗinsa ya maƙale saboda sunan asusu bai dace da na NIN ba. Ya fara zuwa banki ya ga wane suna ke wurinsu kafin ya taɓa komai.

Na_Bakin_Kasuwa:
Allah ya ba da sa'a, ƙanena. Ni har yanzu ina kan bakana game da aikin gwamnati, amma akwai ƙanwata mai difloma da sunanta yake da irin wannan matsalar. Mai_Kafe, idan sunan banki ya dace da na NECO amma ya saɓa da na NIN, da wanne za ta fara?